Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Makarantu Da Na Wuraren Aiki: "Zan Dage" Ba Ta Isa Ba

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Ni malami ne. Na yi shekaru ina riƙe da alli, daga baya aiki ya kai ni inda aka ɗora mini nauyin horar da sababbin ma'aikata. Na ga yaro a kan benci, na kuma sake ganin irinsa bayan shekaru yana zaune a bayan tebur. Dalilin da ya sa na haɗa ku a wasiƙa ɗaya ke nan, ku masu riƙe da makarantu da ku masu riƙe da ma'aikatu da kamfanoni. Abin da shugaban ofis yake kuka da shi a kan ma'aikacinsa, cewa sai an ce ya yi yake yi, a aji aka fara shuka shi. Abin da malami yake ƙoƙarin ginawa kuma, sau da yawa a ofis ake rushe shi.

Kokena ɗaya ne. Muna tambayar yara me suke so su zama, muna tambayar ma'aikata ina suke so su kai, amma ba ma koya wa kowa yadda zai ɗauko wannan buri daga can nesa ya mayar da shi aikin wannan makon. Mun ɗauka abu ne da ake haihuwar mutum da shi, wani yana da himma wani ba shi da ita. Alhali sana'a ce kamar kowace sana'a, ana koyar da ita, ana gyara wa mai koyo hannu har ya iya.

Bari in ba ku labarin ranar da na gane haka. A ajin farko na sakandare na tambayi ɗalibaina ɗaya bayan ɗaya abin da kowa yake so ya zama. Wata yarinya da ke zama kusa da taga ta miƙe ta ce likita. Aka tafa mata, ni ma na tafa. Da daddare ina duba littattafan lissafi na zo kan nata. Tambayoyi goma na rabawa, ta faɗi takwas. Da na bi aikin layi-layi sai na ga ta fahimci yadda ake rabawar sarai, abin da ke kayar da ita shi ne ba ta haddace sau bakwai da sau takwas ba. Duk inda 7 sau 8 ya fito sai ta rubuta 54, wani wurin 58. Na daɗe ina kallon shafin nan. Tsakanin likitan da muka tafa wa da safe da wannan 54 ɗin akwai tafiyar shekara goma sha wani abu, kuma babu wanda ya taɓa nuna mata inda za ta aza ƙafar farko.

Washegari lokacin tara na kira ta. Na ce, "Likitata, wannan makon fa me za ki yi?" Ta sunkuyar da kai tana murza murfin biro, can ta ce, "Zan dage, Malam." Da gaskiyarta ta faɗa. Ita ce amsar da muka koya mata, domin ita muke rubuta wa yara a katin sakamako kowane ƙarshen zango: a ƙara ƙoƙari, a dage. Na ce ta buɗe bangon baya na littafinta. Muka rubuta tare: sau bakwai kawai, minti goma sha biyar kullum da zarar ta ajiye jaka a gida, ranar Juma'a zan tambaye ta guda goma sha biyu a hargitse. Juma'ar farko ta yi kuskure a huɗu. Ta biyu ta yi kuskure a ɗaya, ta kuma riga ni cewa sai mu shiga sau takwas. Ba zan ce muku wannan ne ya sauya rayuwarta ba. Abin da na gani da idona shi ne, kafin zangon ya ƙare yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a darasin lissafi ba ta fara ɗagawa, kuma ita da kanta ta zo mini da abin da take so ta gyara na gaba, an rubuta shi a bangon nan a ƙarƙashin na farko.

Sai daga baya na san cewa abin da na yi da ka, masana sun daɗe suna auna shi. Tun a 1968 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edwin Locke, ya fitar da sakamakon da shi da abokin aikinsa Gary Latham suka shafe shekaru suna ƙara tabbatarwa: mutumin da aka ba shi takamaiman abin da zai cim ma, mai ɗan wuya amma mai yiwuwa, yana yin aiki fiye da wanda aka ce wa kawai ya yi iya ƙoƙarinsa. Dalilin a bayyane yake. "Iya ƙoƙari" ba shi da ma'auni, duk inda mutum ya tsaya zai iya ce wa kansa nan ne iyakarsa, kuma babu mai ƙaryata shi.

Akwai gwajin da Latham da wani abokin aikinsa suka wallafa a 1975 wanda nake so shugabannin wuraren aiki su ji shi da kyau. Direbobin manyan motoci ne masu dakon gungumen itace daga daji zuwa injin yanka katako. An daɗe ana ce musu su riƙa yin lodi sosai, amma sikeli yana nuna motocin na tafiya da kusan kashi 60 cikin 100 kacal na nauyin da doka ta yarda su ɗauka. Sai aka tsayar musu da kashi 94. Ba a yi musu alkawarin ƙarin kuɗi ba, an kuma ce ba za a hukunta wanda bai kai ba. A watan farko lodin ya haura zuwa kusan kashi 80. A wata na biyu ya sauko zuwa wajen 70, domin direbobin suna so su gani ko maganar rashin hukuncin gaskiya ce. Da suka ga ba a taɓa kowa ba, lodin ya tashi ya wuce kashi 90, ya zauna a can. Wannan wata na biyun shi ne zuciyar labarin a wurina. Adadin ya ba su abin nufa, amma sai da suka amince da shugabanninsu kafin suka saki jiki da shi.

Ga malamai kuma, ga wanda ya fi kusa da ajinmu. A 1981 masana halayyar ɗan Adam Albert Bandura da Dale Schunk sun ɗauki yaran firamare da lissafin ɗebewa ya gagara, waɗanda har sun tsani darasin. Aka ba su aiki mai shafi 42 da za su yi da kansu a zama bakwai. Wasu aka ce su sa ran gama shafi 6 a kowane zama. Wasu aka ce su sa ran gama duka 42 ɗin a ƙarshen zama na bakwai. Wasu kuma ba a tsayar musu da komai ba. Aiki ɗaya ne, lokaci ɗaya ne. Masu shafi shida-shida su suka fi iyawa, suka fi yarda da kansu, har suka riƙa zaɓar yin lissafin don ra'ayin kansu. Masu hangen 42 kuwa ba su bambanta da waɗanda ba a ce wa komai ba. Ku duba wannan, ranku ya daɗe. Burin da ya yi nisa, in ba a yanka shi gunduwa-gunduwa ba, kusan daidai yake da babu. Ga shi mu kuwa abin da muka fi nanata wa ɗalibi shi ne babbar jarrabawar da ke shekara uku a gabansa, sai ta rage wata biyu mu fara darasin yamma da na Asabar, mun manta ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko an yanka burin ma, da sauran aiki ɗaya, wato sa masa lokaci da wuri. Peter Gollwitzer, masani ɗan ƙasar Jamus, ya nemi ɗaliban jami'a su rubuto rahoton yadda suka yi jajibirin Kirsimeti cikin kwana biyu da wucewarsa. Rabinsu ya sa suka faɗi tun kafin su tafi hutu a ina za su zauna su rubuta, kuma da wane lokaci. A cikin waɗannan kusan kashi 70 cikin 100 suka rubuto a kan kari, a cikin sauran kuwa kusan ɗaya bisa uku. Duk sun yi niyya. Bambancin shi ne wasu sun riga sun yanke shawarar tun suna cikin natsuwa, ba su bar ta sai lokacin da gajiya da hira da waya suke jan su ba. Shi ya sa "da zarar na ajiye jaka" ta yi wa ɗalibata aikin da "kullum zan riƙa karatu" ba za ta yi ba.

A nan ina roƙon masu shirya bita su daina ba mu labarin nan na ɗaliban Jami'ar Yale na 1953, wai kashi 3 cikin 100 da suka rubuta burinsu sun zo sun fi sauran duka dukiya. An bi diddigin labarin, ba a taɓa yin wannan bincike ba. Muna da na gaskiya da ya ishe mu, kuma matashin da ya gano an zuga shi da ƙarya zai zubar da gaskiyar tare da ita.

Yanzu na juyo gare ku, shugabannin wuraren aiki, kuma a nan maganata za ta ɗan yi zafi, ku yi mini haƙuri.

A wani wuri da na yi aiki, ƙarshen kowace shekara ana raba fom ɗin tantance ma'aikaci. Akwai gurbin da aka ce mutum ya rubuta abin da yake so ya cim ma a shekara mai zuwa, da fannin da yake so ya ƙware. Wata rana na iske wani saurayi da muka ɗauka bai fi wata goma ba, ya aro fom ɗin wani na bara yana kwafa kalma da kalma. Na ce, "Ƙanena, wannan ai ba naka ba ne." Ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, wa zai karanta? Gobe ne ranar ƙarshe, an ce kawai a cike a sa hannu." Na rasa amsar da zan ba shi, domin nawa fom ɗin ma shekara uku ke nan babu wanda ya taɓa kirana a kan abin da na rubuta. Na ja kujera na zauna kusa da shi, na tambaye shi mene ne a aikin nan yake jin kunyar bai iya ba. Ya yi jim, sannan ya rage murya ya ce duk lokacin da aka ce ya haɗa rahoton wata a kwamfuta, wani yake roƙo ya yi masa, yana tsoron a gane. Wata goma yana ɗauke da wannan a ransa, yana zuwa aiki kullum, yana gaishe mu muna amsawa. Abin da ya hana shi barci abu ne da aka koya masa a zama huɗu na rabin awa.

Laifin nan ba nasa ba ne. Mu muka koya masa cewa rubuta buri wani sharaɗi ne na neman ƙarin girma, ba magana ce tsakaninsa da mai kula da shi ba. Tun a 1954 masanin harkar gudanarwa Peter Drucker ya kawo tsarin tafiyar da ma'aikata ta hanyar manufofin da aka tsayar, kuma jigon tsarin shi ne ma'aikaci ya san inda aka dosa har ya iya auna kansa da kansa. Fom ɗin ya iso gare mu, zaman da ya kamata a yi kafin a cike shi ne ya ɓace a hanya.

Wasunku za su ce su ba su da wannan matsala, domin kowane ma'aikacinsu yana da adadin da aka yanka masa, kowane malami yana da yawan ɗaliban da dole su ci jarrabawa. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan fom ɗin da ba a karantawa. A 2016 hukumomi a Amurka sun ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe asusu da katunan bashi kusan miliyan biyu ba da sanin masu su ba. An sallami ma'aikata wajen 5,300. Me ya kai su? An ɗora musu adadin da za su sayar kullum, wanda bai cika ba aikinsa na rawa. A birnin Atlanta kuma, binciken da gwamnatin jihar Jojiya ta fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a goge amsoshin yara ana gyarawa don makin ya tashi, kuma a 2015 kotu ta sami malamai da jami'an ilimi 11 da laifi. Yaran da aka gyara wa takardu an ce sun iya, aka wuce da su aji na gaba ba tare da taimakon da suke buƙata ba. Su ne suka yi asarar da ba a biya.

Ku haɗa wannan da labarin direbobin nan. A duka biyun akwai adadi. A wuri ɗaya adadin mai yiwuwa ne kuma babu bulala a bayansa, sai mutane suka nemi dabarar yin aikin da kyau. A ɗaya wurin adadin ya fi ƙarfin mutane kuma abincinsu ya rataya a kansa, sai suka nemi dabarar nuna adadin ko da babu aikin. Duk shugaban da ya yanka wa na ƙasa da shi lamba daga cikin ofishinsa, bai tambaye shi abin da ke hannunsa na kayan aiki da lokaci ba, ya kuma ce ko ta halin ƙaƙa, to ya sani yana koyar da maguɗi ne, ko da bai yi nufi ba.

Akwai kuma wani bambanci da Latham ɗin da abokan aikinsa suka nuna daga baya. Idan mutum ya riga ya iya aiki, a ba shi adadi yana ƙara masa ƙaimi. Idan kuwa sabo ne kuma aikin mai sarƙaƙiya ne, adadin rikita shi yake yi, hankalinsa ya koma kan lamba maimakon kan gano hanya. Irin wannan abin da ya dace da shi shi ne burin koyo: a watan nan ka gano hanyoyi uku na yin kaza, ka zo ka nuna mini wadda ta fi. Ɗalibin da bai iya karanta sakin layi ya faɗi ma'anarsa ba, ce masa ya zo na ɗaya a aji zalunci ne. A ce masa kullum shafi ɗaya, ya rufe littafi ya faɗa da bakinsa abin da ya karanta. Wannan yana hannunsa. Zuwa na ɗaya kuwa ya dogara da abin da yara arba'in suka yi, kuma mutum ɗaya ne kawai zai samu. Mun cika auna yaro da ɗan'uwansa, mun bar auna shi da inda yake a watan jiya, alhali nan ne ake ganin ko mutum yana girma.

Na san abin da zai zo bakin wasu malamai, don ni ma na faɗe shi: yara sun yi yawa a aji, manhaja ta yi tsawo, ina lokacin zama da kowa? Gaskiya ne, kuma ba na cewa rubuta buri a bangon littafi zai maye gurbin littafin da babu, ko malamin da ba a ɗauka ba, ko albashin da bai isa ba. Wanda ya ce wa yaron da ya rasa kayan karatu wai matsalarsa rashin buri ce, ya ɗora masa laifin manya. Amma abin da nake nema ba ya cin kuɗi. Minti goma a farkon mako, kowane ɗalibi ya rubuta abu ɗaya da zai iya kafin Juma'a, da lokacin da zai yi shi. Minti goma a ƙarshen mako, su zauna biyu-biyu kowa ya gwada ɗan'uwansa. Malami ya duba na mutum biyar ko shida kowane mako, kafin zango ya ƙare ya zagaye ajin. Abin da zai hana wannan yiwuwa shi ne idan ku shugabanni ba ku sa shi a jadawali ba, domin malami ba ya iya ƙirƙiro lokacin da ba a ba shi ba.

Wasu kuma za su ce ai komai nufin Allah ne, mutum yana nasa Allah yana nashi. Haka ne, ni ma a kan haka nake. Amma mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Tsara mako ɗaure raƙuma ne. Kuma yaron da aka koya wa haka, ranar da abu ya ƙi, ba ya cewa shi ba shi da ƙwaƙwalwa. Komawa yake yi ya duba ko abin ya yi masa yawa ne, ko lokacin da ya zaɓa ne bai dace ba, ya rage, ya sake gwadawa. Ku bar wa yara da ma'aikata wannan damar ta faɗuwa ba tare da tozarci ba. In kowane kuskure zai jawo a kira sunan mutum a gaban jama'a, kowa zai zaɓi ɗan ƙaramin abin da ya tabbata ba zai faɗi ba, sai a wayi gari ana cika buri kullum babu wanda ya motsa daga inda yake.

Ku ma, ranku ya daɗe, a gan ku kuna yi. Shugaban makarantar da ya tsaya gaban malamansa a farkon zango ya ce ga abu ɗaya da ni ma nake so in gyara a aikina, ku tambaye ni a mako na shida, ya yi abin da takardar umarni goma ba za ta yi ba. Haka manajan da zai zauna da kowane ma'aikacinsa rabin awa sau ɗaya a wata, ba don tuhuma ba, ya tambaye shi me ya koya, me ya tsaya masa, me yake buƙata daga sama. Saurayin nan mai rahoton kwamfuta tambaya ɗaya ya yi wata goma yana jira.

Ina roƙonku ku fara da abin da ke kan teburinku yanzu. Katin sakamakon da za ku sa wa hannu a ƙarshen wannan zango, duk inda malami ya rubuta "a ƙara ƙoƙari", ku mayar masa ya rubuta a kan me, kuma daga yaushe. Fom ɗin ma'aikacin da za a kawo muku, kada ku sa hannu sai kun kira mai shi kun karanta tare, kun kuma rubuta ranar da za ku sake zama a kansa.

Wassalam.

Naku,
Wani malami mai horar da ma'aikata